Dariya ba ta son kaɗaici

Fim ɗin Ibro guda ne, amma dariyarsa ba guda ba ce. Wanda ya kalle shi cikin taro zai tashi yana riƙe da ciki, hawaye na zuba. Shi dai wannan mutum, in ya sake kallonsa shi kaɗai a salula, da ƙyar zai yi murmushi. To, me ya canza?

Tun da aka fara finafinan Hausa na bidiyo a Kano a shekarar 1990, kaset ɗinsu suka bi motocin ƴan kasuwa zuwa Maradi, Damagaram, Tahoua da Yamai. Cikin masu ban dariya, babu wanda ya shiga zukatan jama'a kamar marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014. A lokacin kaset, ba kowane gida ke da tele ba. Sai a taru a rumfar bidiyo ko a tsakar gidan maƙwabci, yara a gaba bisa tabarma, manya a baya. Kafin Ibro ya buɗe baki, ganin tafiyarsa kaɗai ya isa wani ya tuntsire, sauran su bi.

Masana sun duba wannan lamari. Wani malamin jami'a a Amurka, Robert Provine, ya gano cewa mutum ya fi yin dariya cikin jama'a kusan sau 30 a kan in yana shi kaɗai. Masu shirye-shiryen tele na Amurka ma sun san haka: tun shekarun 1950 suke sa muryar dariya da aka naɗa cikin wasanninsu, don mai kallo a gida ya ji kamar yana cikin taro.

Mu a nan ba baƙon abu ba ne gare mu. Wasan da ke tsakanin Katsinawa da Gobirawa, ko Fulani da Barebari, ba ya yiwuwa sai da abokin yi. Wannan al'ada ta Nijar ce hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2014.

Sai dai ba kowane taro ke sakin dariya ba. Matar da ke ƙyaƙyatawa cikin ƙawayenta a rumfar kasuwa, in surukinta na zaune, sai ta rufe baki da gyale. Kunya ta fi ƙarfin Ibro. Lokaci ma na da nasa: mai shago da ke kallo da ido ɗaya, ɗayan na kan mai saye, rabin wasan ya wuce shi.

Yau salula ta sauƙaƙa komai. Ana tura wa mutum finafinan Bosho da Daushe da kuɗi kaɗan, ya toshe kunnuwa ya kalla. An samu sauƙi, amma an yi asarar zama tare. Maƙwabtan rumfa da suka yi dariya tare, ba kasafai rigimar ciniki ke daɗewa tsakaninsu ba.

Saboda haka, ƴan kasuwa maza da mata, in an tashi kasuwa, an ƙirga ciniki, an yi sallar isha'i, a shimfiɗa tabarma, a ɗora shayi, a kira maƙwabta. Ko da ƙaramar salula ce, a jingina ta inda kowa zai gani. Dariya ba haja ba ce da ke raguwa in an raba ta.