Ko Kun Sani?

A shekarar 2007 wata uwa a Amurka ta ɗora bidiyo mai tsawon daƙiƙa 29 a YouTube, ɗanta ƙarami yana rawa a kicin, waƙar mawaƙi Prince na tashi daga can gefe. Kamfanin Universal, mai kula da haƙƙin mallakar waƙar, ya sa aka sauke shi. Ta garzaya kotu, aka yi ta fafatawa har 2018 kafin a sasanta.

Yau kuwa manhajar Content ID ce ke sauraron duk abin da aka ɗora a YouTube. Ko waƙar da aka saka a wajen biki ta gane, kuɗin talla na iya komawa aljihun mai waƙar. Idan masu haƙƙin mallaka suka sa aka yi maka gargaɗi uku cikin kwana 90, ana iya rufe tasharka ɗungurungum.