Tallafin Da Ke Riƙe Da 'Ya'yan Talakawa Bayan An Tashi Makaranta A Amurka

Da misalin ƙarfe uku na yamma ake tashin yara daga makaranta a Amurka, alhali iyaye da yawa ba sa baro wurin aiki sai biyar ko shida. Wannan giɓi ne shirin 21st Century Community Learning Centers, wanda aka kafa a 1994, yake cikewa da darussan yamma da na dogon hutu.

Gwamnatin tarayya tana ware masa sama da dala biliyan 1.3 a shekara. Ana raba kuɗin ga jihohi, su kuma su tantance masu nema, su ba da tallafi na shekara uku zuwa biyar, tare da fifita unguwannin marasa galihu. Makarantu da ƙungiyoyin al'umma, har da na addini irin masallatai, suna da damar nema, bisa sharaɗin kada a kashe kuɗin wajen karantar da addini.

A watan Yulin 2025 gwamnatin Trump ta riƙe kuɗin, hankalin iyaye ya tashi, wasu cibiyoyi suka fara shirin rufewa. Sai da 'yan majalisa suka matsa lamba kafin a sake su, aka ceto karatun yara sama da miliyan ɗaya.