AMSAR WASIƘUNKU: Wane Guzuri Ya Fi Dacewa Da Matafiyi?

A wannan mako mun ɗauko takardar wani mai sauraronmu daga Jangeru ta ƙasar Shinkafi, manomi ne kuma ɗan kasuwa, wanda ke kai albasa da wake kudu. Bayan gaisuwa, ga abin da ya ce: "Don Allah ku yi mana bayani a kan abincinmu na gargajiya da kayan zaƙi waɗanda matafiyi zai riƙe a hanya. Wanne ne ke daɗewa, wanne ne ke saurin lalacewa? Sau biyu ke nan abincin tasha yana kwantar da ni a hanya, har na yi asarar ciniki."

To Malam, mun gode da wannan tambaya, Allah ya ƙara lafiya. Tambayar taka ta mutane da yawa ce, domin duk mai bin hanyar Shinkafi zuwa Ƙauran Namoda, ko ta Zurmi zuwa Jibiya, ya san yadda tafiya ta koma tun da matsalar 'yan bindiga ta ɓullo a Zamfara wajen shekarar 2011. Direba ba ya son tafiyar dare. In yamma ta yi maka a wani gari, nan za ka kwana, ko ka shirya ko ba ka shirya ba. Tafiyar yini ɗaya sai ta zama ta kwana biyu. Saboda haka maganar guzuri ba ƙaramar magana ba ce. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

GUZURI BA BAƘON ABU BA NE

Kakanninmu sun san wannan ilimi tun kafin a san mota. Fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro da jakuna, tafiyar watanni. Alhazan ƙafa sun bi ta Barno da Chadi da Sudan zuwa Makka, wasu sai sun shekara da shekaru a hanya. Da aka kawo layin dogo Ƙauran Namoda a shekarar 1929, garin ya zama ƙarshen layin da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, sai gyaɗa da auduga suka riƙa bin jirgi zuwa kudu, mutane kuma na bin su da ƙunshin guzurinsu. Yau mota ta karɓe hanya, amma cikin ɗan Adam bai sake ba.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne wannan: abin da ke ruɓar da abinci ƙwayoyin halitta ne ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kuma ba abin da suke so kamar danshi da ɗumi. A watannin Maris zuwa Mayu zafi a ƙasarmu yakan wuce digiri 40, to a irin wannan lokaci abinci mai ruwa a cikin leda, a cikin mota, ai gida ka gina masu. Abubuwan da ke hana su sakat kuwa su ne bushewa, da gishiri, da zaƙi mai yawa, da tsami. Duk abincin guzurin da iyayenmu mata suka gada, in ka duba, za ka tarar da ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan a jikinsa. Da wannan ma'auni za mu raba maka abincin gida uku.

NA FARKO: MASU YIN MAKONNI

Sarkin wannan gida shi ne kilishi. Mahauci zai fere jan nama ya yi shi fale-fale kamar takarda, ya shanya a rana ya bushe, ya tsoma shi a labu, wato kwaɓin tunkuza da albasa da barkono da citta da kanumfari da gishiri, ya sake shanyawa, sannan ya ɗan gasa shi a wuta. Ka ga an kore ruwa har sau uku. Kilishi mai kyau in ka karya shi za ka ji ya ce ƙas. In ka ga yana lanƙwasa yana maiƙo da danshi, to na ci yau ne, ba na ajiya ba. Kuma kada ka ɗaure shi a leda ya yi gumi, takarda mai tsabta ta fi.

Na biye da shi dambun nama. A dafa nama da kayan ƙamshi har ruwan ya tsotse, a daka a turmi ya tarwatse, a soya a mai har ya bushe sarai. Sirrinsa a suyar yake. Uwargida, in kika yi gaggawa kika sauke shi da sauran danshi, kwana kaɗan zai fara wari. In kika yi haƙuri ya soyu, kika bar shi ya huce kafin ki rufe a gwangwani, maigida zai je Legas ya dawo da saura. Sai dai a riƙa ɗiba da busasshen cokali, ba da jiƙaƙƙen hannu ba.

Sai ƙuli-ƙuli, abokin talaka. Shi da garin kwaki da ɗan sukari sun raya 'yan makarantar kwana da direbobi ba iyaka. Ga kuma soyayyar gyaɗa, da busasshiyar aya, da dabino. Dabino ƙwara bakwai da ruwa mai kyau sun isa su riƙe mutum daga hantsi zuwa azahar.

NA BIYU: KAYAN ZAƘI

Nan ne aikin mata ya fi fitowa, domin yawancinsu kayan garar amarya ne, kuma dalilin da ya sa ake kai su gara shi ne ba sa saurin lalacewa.

Nakiya ita ce uwa. Ana yin ta da garin shinkafa da aka soya, a haɗa da zuma ko sukari, da man shanu ko man gyaɗa, da citta da kanumfari da masoro, a kirɓa a turmi har ta haɗe. In an yi ta da kyau tana yin watanni. Ɗan dunƙule kaɗan za ka ci ka sha ruwa, ka ji ciki ya yi nauyi.

Alkaki kuma da alkama ake yin sa. A kwaɓa, a bar shi ya tashi, a murza a naɗe, a soya, sannan a tsoma a zuma ko a dafaffen sukari da aka sa wa tsamiya ko lemun tsami. Dubulan ɗan'uwansa ne, sai dai shi da fulawa ake yi, kuma ba shi da ƙwari, yana saurin farfashewa a cikin kaya. Dakuwa, ko ta aya ko ta gyaɗa, ita ma abokiyar tafiya ce, ga zaƙi ga ɗan yaji, amma ba ta kai nakiya daɗewa ba domin manta yakan sake ɗanɗano in zafi ya yi yawa. Akwai kantun riɗi, akwai alewar gyaɗa, akwai tuwon madara, duk ana samun su a tasha.

A nan muna da gargaɗi biyu. Mai ciwon sukari ya yi hattara da wannan gida gaba ɗaya, ya koma wa kilishi da gyaɗa. Sannan iyaye mata masu goyo, kada a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma ko abin da aka yi da ita, likitoci sun hana.

NA UKU: NA CI YAU KO GOBE

Mutumin Zamfara ba sai an gaya masa hoce ba. Garin dawa ne ake kwaɓawa, a bar shi ya yi tsami, a gasa. Tsamin nan da gashin su ke sa ya fi tuwo da masa jure hanya, yakan yi 'yan kwanaki in ya gasu sosai kuma an bar shi yana shan iska. Ka samu garin ƙuli-ƙuli da ɗan mai da barkono, ka gama abincin rana. In ka ga ya fara yin fari-fari ko yana yauƙi in an gutsura, to ya wuce, a ba dabba.

Dawo, wanda mutanen Kano ke ce wa fura, na yini ɗaya ne a lokacin zafi, in ya daɗe ya kwana. Gumba ta ɗan fi shi in an bar ta a bushe ba a jiƙa ba. Amma masa da ƙosai da alale da dafa-duka da datun zogale ko na rama, waɗannan duk na ci nan take ne. Masana kiwon lafiya na cewa dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba kuma cikin sanyi ba. Shinkafa da wake da aka zuba a leda da asuba, aka buɗe da la'asar a cikin mota, su ne suka fi kwantar da matafiya. Malam, muna kyautata zaton irin wannan ce ta same ka.

Kada ka ɗauka mu kaɗai muka san wannan dabara. A gabashin ƙasar Indiya akwai wata jiha da ake kira Odisha. A birninsu na Puri, inda mabiya addinin Hindu ke zuwa ziyara, akwai wani abin zaƙi da suke kira khaja, fulawa ce ake naɗewa a soya a tsoma a ruwan sukari, kusan dubulan ɗinmu, kuma shi baƙi ke saye su kai tsaraba gida domin yana jure hanya. Suna kuma da wani abinci, pakhala, dafaffiyar shinkafa ce da ake jiƙawa a ruwa ta kwana ta yi tsami, a sha da nono lokacin zafi, kamar yadda muke yi da farau-farau. Shi wannan a gida suke shan sa. Ka ga ke nan ko'ina hankali ɗaya ne: busasshe na hanya, mai ruwa na gida.

ABUBUWAN DA ZA A KIYAYE

Na ɗaya, gyaɗa. Wannan magana ta manoma ce musamman. Gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, ko aka ajiye ta a wuri mai laima, takan yi funfuna, kuma funfunar nan tana haifar da wata guba da Turawa ke kira afalatoksin, mai lalata hanta sannu a hankali. Abin tsoron shi ne suya ba ta kashe ta. To sau da yawa gyaɗa mai kyau ake kai wa kasuwa, a bar ƙwailar da ruɓaɓɓiyar a gida a yi ƙuli-ƙuli da ita. Jama'a, wannan kuskure ne. A tsince duk wadda ta yi baƙi ko ta yanƙwane ko take da ɗaci, a zubar. Haka masara. In ka ci ƙuli-ƙuli ka ji ɗaci, tofar, kada ka ce asara.

Na biyu, nono. A tabbatar an tafasa madarar kafin a sa ta ta yi tsami, domin ɗanyar madara na iya ɗauko cuta daga saniya zuwa mutum, har da wani nau'i na tarin fuka. Kuma ka dubi ruwan da za a dama maka fura da shi. Sau da yawa furar ba ta da laifi, nonon ba shi da laifi, ruwan ne ko ƙanƙarar da aka jefa a ciki.

Na uku, ruwan sha. Ka riƙe naka daga gida, tafasasshe, a cikin jarka mai murfi. Da damina musamman, lokacin da cutar amai da gudawa ke yawaita, wannan ba abin wasa ba ne. Rigakafi ya fi magani.

Na huɗu, in za ka sayi abinci a tasha, sayi wanda aka sauke daga wuta a gabanka, yana tururi. Ka dubi ko a rufe yake, ka dubi ruwan da ake wanke kwano. Kada arha ta ruɗe ka, araha ba ta ado. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci, domin hannun da ya yini yana ƙirga kuɗi ba shi da tsabta.

Na biyar, in Allah ya ƙaddara gudawa ta kama ka a hanya, abin da ke kashe mutum shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ka riƙe ƙullin gishiri da sukari na asibiti guda biyu ko uku a aljihu, ana sayar da su a kantin magani. In babu, ka samu tsabtataccen ruwa lita 1, ka zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, ka motsa, ka riƙa kurɓa. In abin ya ƙi tsayawa, ko ka ga jini, ko amai ya hana ka riƙe ruwa, to ka sauka a asibiti mafi kusa, kaya su jira.

A TAƘAICE

In tafiyarka ta yini ce, kamar daga Jangeru zuwa cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, hoce da dawo sun ishe ka. In ta kwana biyu ko uku ce, kamar Gusau ko Kano ko Sakkwato, haɗa hoce da ƙuli-ƙuli da dakuwa da dabino. In kuwa kudu za ka, inda mota kan lalace ko a tsare hanya, to ka nemi kilishi ko dambun nama, da garin kwaki, da nakiya ko alkaki, kuma ka ɗauki fiye da na kwanakin da ka lissafa. Kuɗin da za ka kashe a gida wajen haɗa su bai kai abin da za ka kashe a tasha ba, balle na asibiti. Kuma ka ƙara kaɗan saboda na kusa da kai a mota, domin ba kowa ke fitowa da shiri ba.

Iyayenmu mata kuma, muna roƙonku ku koya wa 'yan mata wannan sana'a. Yarinyar da ta iya nakiya da alkaki da dambun nama tana da jari a hannunta, ko'ina aure ya kai ta.

To Malam, da fatan ka gamsu. Masu sauraro, duk mai wata tambaya a kan noma ko kasuwa ko lafiyar iyali, ya rubuto mana, ƙofa a buɗe take. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.