Maƙoƙon da ke Ciwo Ba na Kemis Ba Ne

A ƙasar Hausa, duk kumburin da ya fito a gaban wuya sunansa maƙoƙo, kuma akasarinmu mun ɗauka ƙarancin sinadarin aidin ne kaɗai ke kawo shi. Akwai kuwa wanda garkuwar jiki ce ke haddasa shi. Takan ƙera wasu sinadarai da ke zuga tayirod, halittar nan mai siffar malam-buɗe-littafi da ke kwance a gaban maƙogwaro, har ta riƙa aiki fiye da kima. Likita Robert Graves na birnin Dublin ya bayyana wannan cuta a 1835, shi ya sa take ɗauke da sunansa. Mai ita yana ci yana ramewa, gabansa na faɗuwa, hannunsa na karkarwa, yana gumi ko da hunturu, wani lokaci idanu su firfito. Ta fi kama mata.

Maƙoƙon Graves galibi ba ya ciwo. Akan samu masu jin zafi idan an taɓa wurin, amma kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka idan mai waɗannan alamomi ya ce wuyansa na ciwo, sai likita ya sake tunani.

Abu na farko da zai zo masa a rai shi ne kumburin tayirod da ke biyo bayan mura, wanda ake jingina wa Fritz de Quervain, wani likitan tiyata ɗan Suwizalan. Ciwonsa kan haura zuwa muƙamuƙi da kunne, da zazzaɓi, har haɗiyar yawu ta zama aiki. A nan halittar ba ƙara aiki ta yi ba, rauni ta ji, sinadarin da ta tara ya kwarara cikin jini. Shi ya sa kabimazol, maganin da ake ba masu Graves don rage ƙera sinadarin, ba ya amfani a wannan hali. Maganin kumburi ake bayarwa, kuma yawanci yakan lafa cikin makonni ko 'yan watanni. Gwajin jini ne ke raba gardama tsakanin cututtukan biyu. Akwai kuma zubar jini cikin wani ƙullutu na maƙoƙon, mai zuwa da ciwo farat ɗaya.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na mutumin da ya riga ya fara shan kabimazol. A wurin ƙasa da mutum 1 cikin 100, maganin kan karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, galibi a watanni uku na farko. Alamar kuwa ba ta wuce ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da gyambon baki ba. Ga al'adarmu: a tsaya kemis a sayi maganin maleriya, ko a tafi wurin wanzami ya duba beli. Kwana biyu ko uku da za a ɓata a haka sun isa ƙwayoyin cuta su mamaye jinin da ba shi da mai tsaro. Ƙa'idar a bayyane take: a dakatar da maganin nan take, a je asibiti a ƙirga ƙwayoyin jini a ranar.

Ina ganin asibitocinmu sun yi sakaci a nan. Gargaɗin yana cikin takardar da ke kwalin maganin, da Turanci, da ƙananan haruffa, alhali sau da yawa ma a leda ake ƙirga wa majinyaci ƙwayoyinsa. Layi biyu da Hausa, boko ko ajami, a bayan katin majinyaci ba zai ci wa kowane asibiti ko kwabo ba.