Kimiyya a Shagon Kafinta: Zaɓen Haƙorin Sassaƙa Firam ɗin Ƙofar Kabad

Duk wanda ya lura da ƙofofin katako a ƙasar Hausa zai ga suna cijewa da damina, sannan su yi sako-sako idan hunturu ya shigo. Dalili shi ne katako yana shan laimar iska ya kumbura, idan iska ta bushe kuma ya motse. Wannan motsi yana faruwa ne a faɗin katako. A tsawonsa kuwa kusan babu shi. Saboda haka ƙofar kabad da aka yi da allo ɗaya mai faɗi takan lanƙwashe ko ta tsage.

Dabarar da kafintoci suka daɗe da ita ita ce a haɗa firam da siraran katakai huɗu: biyu tsayayyu, biyu gicciye. A cikin firam ɗin ana yanka tsagi, a zura allon tsakiya ba tare da an sa masa gam ba, domin ya kumbura ya motse a cikin tsagin, girman ƙofar kuwa bai sake ba. A da, da kurfi da guduma ake wannan aiki. Yanzu akwai injin lantarki da ake kira rauta, wanda ke juya wani haƙorin ƙarfe da tsananin gudu. Ingancin ƙofar ya dogara ƙwarai a kan haƙorin da aka zaɓa.

Yanka biyu ake bukata. Na farko yana bin gefen katakan huɗu, ya fitar da ado da tsagi a tashi ɗaya. Na biyu ana yin sa ne a ƙarshen katakan gicciye kawai, ya fitar da ɗan harshe da kishiyar siffar adon, yadda za su shige juna ba tare da rata ba. Ana sayar da haƙoran iri uku. Akwai tagwaye, kowane da yankansa. Sun fi tsada amma sun fi saurin aiki. Akwai guda ɗaya da ake kwancewa a sake jera wuƙaƙensa kafin yanka na biyu. Ya fi araha, sai dai kowane kwancewa ƙofa ce ta kuskure. Na uku dogo ne mai ɗauke da siffofin biyu a jere, ana ɗaga shi ko a sauke shi kurum. Mai yin ƙofofi da yawa, tagwaye sun fi masa.

Abu na biyu da za a duba shi ne ƙota, wato sandar da injin ke riƙewa. An fi samun mai kaurin rubu'in inci (milimita 6.35) da mai rabin inci (milimita 12.7). Ɗalibin lissafi ya san idan aka ninka faɗin da'ira sau biyu, filinta yana ninkuwa sau huɗu. Ke nan ƙotar rabin inci tana da ƙarfe ninki huɗu, ba ta yawan karkarwa, kuma yankanta ya fi santsi. Ita ta dace da wannan aiki. A kula kuma cewa akwai ƙota mai milimita 12 da ake yi a Turai. Ba ta zama daidai a bakin injin rabin inci, kuma tana iya suɓucewa ana tsakar aiki.

Sai abin da aka yi kaifin da shi. Haƙorin baƙin ƙarfe zalla yana saurin dakushewa. Wanda ya fi shi shi ne mai bakin kabaid, wato garin sinadarin tungstin da kabon da aka toya tare da ƙarfen kobalt. An ƙirƙiro shi a Jamus a shekarar 1923. Yana da muhimmanci ga masu aiki da katakon loko, domin akan sami dunƙulen alli mai tauri a cikinsa wanda ke cinye kaifi. Amma kabaid yana da gautsi, faɗuwa ɗaya a kan siminti tana iya ɓantare shi.

Girman tsagi ma abin lura ne. Yawancin haƙora an yi su ne don katako mai kaurin milimita 19 zuwa 22, suna yanka tsagi mai faɗin kusan milimita 6 da zurfin milimita 9.5. Idan allon tsakiya bai kai faɗin tsagin ba, ƙofar za ta riƙa ƙwalƙwal. Maganinsa shi ne haƙori mai siraran zobba da ake ƙarawa ko ragewa. Zurfin kuwa yana shiga lissafi. Alal misali, ƙofa mai faɗin milimita 400, tsayayyunta kowane 60: a cire 120 daga 400, a ƙara 19 na harsuna biyu, tsawon gicciye ya zama 299. Wanda ya manta da 19 ɗin nan ya yi asarar katako.

Babban haɗari yana wajen gudu. Bakin haƙori mai faɗin milimita 12.7 da ke juyi 22,000 a minti yana tafiyar kusan kilomita 53 a awa. Babban haƙorin da ke sassaƙa allon tsakiya, mai milimita 89, a wannan juyin zai kai kusan kilomita 370 a awa. Shi ya sa ake rage masa juyi zuwa wajen 10,000 ko 12,000. Ba a riƙe injin a hannu da irin waɗannan haƙora. Ana ɗaure shi a ƙarƙashin tebur, a tura katako da sanda, a sa gilashin kare ido, kuma a cire wuta kafin a taɓa haƙori.

Kafin a taɓa katakon aiki, ya kamata a gwada yankan biyu a kan guntaye masu kauri ɗaya. Idan suka haɗu fuskarsu ta daidaita, an dace. Malamin koyar da sana'ar katako zai iya sa ɗalibai su auna faɗin allo ɗaya a watan Agusta, su sake aunawa a Fabrairu. Bambancin da za su samu shi zai nuna musu ratar da ya kamata a bari a cikin tsagi.