Fentin Gadar da Jirgi Ya Daina Bi

A unguwar Castlefield da ke birnin Manchesta na Ingila akwai wata gadar ƙarfe mai tsawon mita 330, wadda kamfanin Heenan & Froude ya gina a farkon shekarun 1890 domin jiragen ƙasa masu shiga tashar Manchester Central. A ƙarƙashinta akwai hanyar ruwa ta Bridgewater, wadda mutane suka haƙa da hannu, aka buɗe ta a 1761 don jigilar kwal daga Worsley. Tun da aka rufe tashar a 1969, jirgi bai sake hawa gadar ba. Shi ya sa wasu ke ganin kuɗin kankare ta da shafa mata fenti asara ce kawai, tamkar yi wa gawa kwalliya.

Masu wannan magana sun ɗauki fenti a matsayin ado, alhali ga ƙarfe kariya ne. Tsatsa tana kama ƙarfe idan danshi da iska suka haɗu a kansa, kuma gadar da ke tsaye bisa ruwa, a garin da ya yi suna wajen yawan ruwan sama, ba ta rasa ko ɗaya. Mafi muni, tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye cin wuri: idan ta shiga tsakanin faifai biyu da aka ɗaure da ƙusa, sai ta kumbura ta buɗe su da ƙarfi. Rashin jirgi ya sauke wa gadar nauyi, amma bai hana ta lalacewa ba, ga shi kullum mutane da kwale-kwale suna wucewa a ƙarƙashinta.

Gaskiya ne aikin yana da tsada. Tsohon fentin irin waɗannan gadoji yakan ƙunshi dalma mai guba, don haka sai an lulluɓe wurin kafin a kankare, kada garin fentin ya zuba cikin ruwa. To amma rushe gadar ma ba kyauta ba ne, kuma doka ta sa gadar cikin gine-ginen tarihi da ba a taɓawa sai da izini. Tarihin kuwa ido na ganinsa: ruwa ne ya fara ɗaukar kayan Manchesta, dogo ya zo ya ƙwace masa ciniki, har ya haye ta kansa.

A 2022 ƙungiyar National Trust ta buɗe lambu a saman gadar, jama'a suna hawa shan iska. Gadar da mutane ke tafiya a kanta da ƙarƙashinta, kula da ƙarfenta wajibi ne.