Mabiya Luther: Cincirindo a Numan, Ƙalilan a Ƙasar Kano

Mutumin da ya tashi a Lakwaya, ko wani ƙauye na Gwarzo da Kabo, yana iya tsufa bai taɓa jin sunan Ekklisiyar Lutheran ba. Kiristocin karkarar Kano, galibinsu zuriyar Maguzawa, ECWA suka fi bi, domin mishan ɗin SIM ne ya yi aiki a ƙasar Kano.

Dalilin yana cikin tarihi. A zamanin Turawa kowane mishan da yankinsa. Likita Niels Bronnum, mutumin Denmark, ya sauka Numan a bakin kogin Binuwai cikin 1913, ya zauna cikin Bachama. Can ekklisiyar ta yi saiwa, can kuma hedkwatarta take har yau. Ƙungiyar Lutheran ta Duniya tana lissafa mabiyanta fiye da miliyan 2, amma wannan adadi yana iya ruɗin ɗalibi, gama akasarinsu a Adamawa da Taraba suke. Na Kano kuwa, yawanci aiki ko fatauci ne ya kawo su birni.

Takwararta ta ƙasar Ibibiyo, wadda aka kafa cikin 1936, ba ta ko kusa da wannan yawa.

Abin sha'awa, idan Babachame da Balungude suka haɗu a sujada, sau da yawa da Hausa suke yi.